WARIN TAKALMI DA MAGANINSA

(Wannan jawabi ne da wani ɗan ƙungiyarmu, tsohon ma'aikacin lafiya, ya yi wa jama'a a taron wata-wata nan Madarunfa. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)

 

Da aka faɗi abin da zan yi magana a kansa yau, na ga wasu sun sunkuyar da kai suna dariya. Ba laifi, a yi dariya. Amma kafin mu shiga magana bari in ba ku wani ɗan labari, kana ku yi hukunci da kanku ko abin na dariya ne.

Lokacin da nake aiki a likita, wata rana da la'asar sakaliya, kowa ya watse, sai ga wani saurayi ɗan kabu-kabu ya shigo yana waige-waige. Na ce, "Samari, lafiya?" Ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ce mini wata biyu ke nan rabonsa da sallar jam'i, don ranar da ya je ta ƙarshe, da ya tuɓe takalmi, na kusa da shi a sahu ya matsa gefe. Kuma ga shi an sa masa ranar zuwa gaida surukai, ya ɗaga har sau biyu, don ya san ba a shiga zauren suruki da takalmi. Ya ƙare kuɗinsa wajen sayen turare, har wani ya gaya masa wai sammu aka yi masa don a raba shi da yarinyar. Na ce ya tuɓe in gani. Takalminsa ƙafa ɗaya ne, sau-ciki na roba, da safa ta leda, tun sallar asuba suna ƙafarsa har bayan isha'i. Tsakanin yatsunsa ya yi fari fat ya tsattsage. Sati uku muka yi da sabulu da rana da gawayi da ɗan man shafawa, magana ta ƙare. Yanzu yana da ɗiya huɗu da yarinyar nan.

To kun gani, abin da ya raba mutum da sahu, ya kusa raba shi da aure, ya wuce abin dariya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka yau za mu faɗi kome a fili.

DAGA INA WARIN YAKE FITOWA

Abu na farko da nake so kowa ya riƙe: zufar ƙafa ita kanta ba ta da wari. Ruwa ce da ɗan gishiri. Sai dai tafin ƙafa da tafin hannu sun fi sauran jiki yawan ƙofofin zufa. Hannu yana waje, iska na busar da shi. Ƙafa kuwa mun kulle ta cikin takalmi.

A jikin kowane ɗan Adam, sarki da talaka, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai da madubin likita. Su ake ce wa ƙwayoyin bakteriya. Abincinsu matacciyar fata da dauɗa da abin da zufa ta jiƙa. In sun samu wuri mai ɗumi, mai laima, mai duhu, sai su yi ta hayayyafa, suna ci suna fitar da wani abu mai tsami da ɗoyi. Wannan shi ne warin da muke ji. Watau cikin takalmi kamar tukunyar da aka rufe da sauran tuwo ne a bazara. Kowace mace a nan ta san abin da za ta tarar in ta buɗe bayan kwana biyu.

Saboda haka abu uku ke raya wari: laima, da dauɗa, da rashin iska. In ka kashe ɗaya ya ragu, in ka kashe duka uku ya tafi.

Mu nan Madarunfa duka ukun sun same mu a gida. A watan Afrilu zafi yakan wuce awo 40, ƙafa na zufa ko kana zaune. Damina ta faɗi, daga Yuni zuwa Satumba, ga caɓi ga laima, kome ba ya bushewa. Masuntanmu suna cikin tabki tun da duhu. Masu aikin garka a bakin gulbi da masu noman rani na Jiratawa suna yini cikin ruwa, wasu da dogon takalmin roba har gwiwa. Ƴan lakwal suna sa kambas babu safa, su buga ƙwallo da shi, gobe su sake sa shi. Ga kuma abin da ya shigo mana kasuwa. Iyayenmu faɗe suke sawa na fata, ƙafa a waje, fatar tana shan zufa tana bushewa. Yanzu ka je kasuwar Ɗan Isa ko ta Maraɗi, tulin takalman roba ne da na gwanjo. Roba ba ta shan zufa, ba ta barin iska ta shiga. Na gwanjo kuma wata ƙafa ta riga taka shiga, ba ka san abin da ta bari ciki ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu lura da shi mu Musulmi. Muna wanke ƙafa a alwala sau da yawa a yini, wannan kuwa babbar ni'ima ce ga lafiya. Amma da yawanmu da mun gama sai mu zura ƙafar a jiƙe cikin safa ko sau-ciki. Ruwan da ya maƙale tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, nan ɓarna take farawa.

ABIN DA YA HAƊA WARIN ƘAFA DA SAURO

Yanzu ga abin da watakila ba ku taɓa ji ba. A ƙasar Holan, a jami'ar garin Wageningen, akwai wasu masana biyu, Bart Knols da Ruurd de Jong, da suka yi bincike a kan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu na Afirka. A 1995 suka nuna cewa in mutum yana zaune, wannan sauro ya fi kai cizo ga ƙafa da idon sawu. Da aka wanke ƙafar da sabulu, sai sauron ya daina fifita ta a kan sauran jiki. Suka kuma gwada shi da wani cuku na Turawa da ake kira Limburger, wanda warinsa kamar na ƙafa ne, don ƙwayar da ke nunar da shi ƴar'uwar wadda ke zaune a fatarmu ce. Sauro ya bi cukun nan kamar ya ga mutum. Duniya ta yi musu dariya kamar yadda kuka yi mini ɗazu, har a 2006 aka ba su wata kyauta a Amurka da ake ba masu binciken da ke sa mutane dariya kana su yi tunani. Daga baya a Ifakara ta ƙasar Tanzaniya masana suka yi ta gwada tarkon sauro da warin safar da aka sa.

To mu da muke kwana kusa da tabki, mu da muka san yadda ɗakin yara yake cika a likita daga Agusta zuwa Oktoba, wannan magana tamu ce. Amma ku ji ni da kyau, kada wani ya fita ya ce na ce wankin ƙafa maganin zazzaɓi ne. Sange shi ne gaba, a kwana cikinsa kullum, kuma a ba yara ƙanana maganin rigakafin da ake rabawa da damina. Abin da na ce shi ne, wanke wa yaro ƙafa da sabulu da magariba, da fitar da takalma da safa daga ɗakin kwana, ƙari ne a kan waɗannan, kuma ba ya cin ko dala.

A FARA DA ƘAFA

Mutane sukan yi ta fama da takalmi su manta da ƙafar da ke shiga ciki. In ka wanke tulu ka zuba masa ruwan kwata, aikin banza ka yi. Ga abin da za a yi:

1. A wanke ƙafa da sabulu sau ɗaya a yini aƙalla, ya fi kyau da dare. Kowane sabulu ya yi, har sabulun salo. A sa yatsan hannu a bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda malamai suka koya mana tsettsefewa a alwala.

2. A tsane ta sarai. A keɓe ɗan tsumma mai tsabta don wannan, kada a yi tarayya da kowa. In babu tsumma, a zauna minti biyar iska ta busar da ita kafin a sa takalmi.

3. A yanke farce, a fitar da dauɗar ƙarƙashinsa. A goge kaushi da dutsen goge ƙafa bayan wanka, a hankali, don kaushi matacciyar fata ce, abincin ƙwayoyin nan. Kada a yanke shi da reza.

4. Mai yawan zufa ya narka alif kamar ƙaramin cokali ɗaya cikin ruwa lita ɗaya, ya tsoma ƙafa minti goma, sau biyu ko uku a sati. Alif yana tsuke fata ya rage zufa. Ruwan bagaruwa da ya huce, ko ruwan shayi mai ƙarfi marar sukari, su ma suna wannan aiki. Amma mai rauni ko tsagewa a ƙafa kada ya yi, sai ya warke.

5. Safa ta auduga ta fi ta leda. A sake ta kullum. Mai safa biyu ya wanke ɗaya da dare, ya juya cikinta waje, ya shanya a rana. In safarka ɗaya ce kuma ba ta bushe ba, gara ka sa silifa ka fita.

SA'AN NAN TAKALMI

Kowane takalmi da irin nasa magani. Abin da ya gyara roba yana iya kashe fata.

Silifa da takalmin taya da sauran na roba, su ne masu sauƙi. A samu tsohon buroshi ko soso, a wanke da omo, a bi lungunan da dauɗa take taruwa, musamman gindin igiyar da ke shiga tsakanin yatsu. In warin ya kama sosai, a zuba jabel cokali ɗaya cikin ruwa rabin bokiti, a jiƙa su minti goma, a ɗauraye da ruwa mai kyau, a kife a rana. Kada a gauraya jabel da wani magani, kuma a ajiye shi inda yara ba su kai.

Kambas na ƴan lakwal da ƴan ƙwallo: a zare igiya, a ciro shimfiɗar ciki, a wanke kowanne dabam. A buɗe bakin takalmin sosai, a jingine shi yana duban rana har ya bushe ƙarau. Takalmin da ya sha zufar yini guda yana bukatar wajen kwana ɗaya da yini kafin cikinsa ya bushe. Don haka wanda Allah ya hore wa ƙafa biyu, ya riƙa sa wannan yau, wancan gobe. Iyaye, ranar da ba lakwal ita ce ranar wankin kambas, kuma yaron da ya kai shekara bakwai shi zai wanke abinsa.

Dogon takalmin roba na masu garka da masunta: da an dawo gida a ɗauraye cikinsa, a kafa sanda biyu a tsakar gida, a kife shi a kansu ruwan ya tsiyaye. Wanda ya jefa shi bayan ƙyaure a tsaye, gobe cikin ruwan jiya zai sa ƙafa.

Faɗe da kubutai da sau-ciki na fata, a nan ake ɓarna. Ƙasarmu ƙasar fata ce. Jar akuyar Maraɗi an san fatarta har Turai, kuma majemanmu da bagaruwa suke jima tun kaka da kakanni. Ku tambayi kowane baduku, zai gaya muku fata ba ta son jiƙo, ba ta son jabel, ba ta son ruwan toka ko na kanwa, don suna ƙona ta ta yi baƙi ta bushe ta kakkarye. Abin da take so, a goge cikinta da tsumma mai ɗan laima da ɗan sabulu, a sake gogewa da busasshe, a ajiye a inuwa mai iska. In za a sa a rana, ta safe, kamar awa ɗaya. In ta bushe a ɗan shafa mata mai kaɗan daga waje.

Ga kuma abin da ke tsotse wari da laima cikin dare, ga kowane rufaffen takalmi. A daka gawayi ɓarzo-ɓarzo, a ƙulla cikin tsohuwar safa ko ƙyalle, a cusa a kowace ƙafa, da safe a cire. Bayan sati a shanya ƙullin a rana, ya koma aiki. Garin kanwa busasshe ko tokar murhu da aka tankaɗe su ma suna yi, don warin mai tsami ne, su kuwa suna kashe tsami, kamar yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa a miya. Amma a ƙulle za a sa su, kada a barbaɗa su taɓa fatar takalmi ko ta mutum. Mai zuwa Maraɗi yana iya sayen bikarbonat a farmasi, aikinsu ɗaya, shi ya fi laushi. Tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti mai tsabta, in an cusa, tana shanye ruwan takalmin da ruwan sama ya doka.

Takalmin gwanjo kuwa, kada a sa shi ranar da aka saye. A wanke, a shanya kwana biyu. Kuma kowane takalmi da ya kwana a waje, a kakkaɓe shi kafin a zura ƙafa. Na yi jinyar harbin kunama fiye da yadda zan ƙirga, da yawa daga cikin takalmi ta fito.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a fesa turare a takalmi mai wari. Warin yana nan, ka ƙara masa abokin tafiya, kuɗinka kuma sun tafi.

Kada a zuba kananzir ko man mota. Suna ƙona fata, kuma ga wuta.

Wanda ya fi duka muni, na ji wasu suna ɗiga piya-piya ko maganin feshin gona cikin takalmi wai ya kashe ƙwayoyi. Jama'a, don Allah a bari. Wannan dafi ne, yana ratsa fata ya shiga jini, ƙafa mai zufa kuwa ta fi saurin shan sa. Maganin ƙwarin wake ba na jikin ɗan Adam ba ne.

Kada a kara takalmi a bakin murhu. Roba ta narke, fata ta ƙandare, gam ya saki.

LOKACIN DA ZA A TAFI LIKITA

Wani warin ya wuce na sabulu. In tsakanin yatsu ya yi fari, yana ƙaiƙayi, yana saɓulewa, shi ne muke ce wa cin ruwa. Wani irin naman gwari ne ƙanƙane ya kama fatar, kuma ana ɗaukarsa daga takalmin wani ko daga daɓen makewayi. Akwai man shafawa dominsa, irin su mikonazol, safe da yamma, sati biyu zuwa huɗu. A ci gaba da shafawa ko an ga ya warke, har kwanakin da aka faɗa su cika, in ba haka ba ya dawo. In kuma tafin ƙafa ya yi ƙananan ramuka kamar gara ta ci, ga wari mai tsanani, wannan wata ƙwaya ce dabam, maganinta dabam, sai ma'aikacin lafiya ya duba. Kada a saya wa kai man shafawa wajen masu tallar magani a tire ko a kan keke. Wasu mayukan suna kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu, a ƙarƙashi kuwa ciwon yana yaɗuwa.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƴar tsagar nan ta tsakanin yatsu ƙofa ce. In ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ko jiki ya ɗauki zazzaɓi, ko kaluluwa ta fito a matsematsi, a tafi likita ranar nan, kada a kwana.

Dattawa masu ciwon sukari, da ku nake musamman. Ciwon nan yana kashe jin ƙafa, ƙaya ta soke ka ba ka sani ba, kuma rauni ba ya saurin warkewa. Na san wani dattijo, wari ne kawai iyalinsa suka fara ji, suna tsammani na takalmi ne, kunya ta hana su faɗi. Da aka kawo shi, sai da aka yanke yatsu biyu. Mai ciwon sukari kada ya jiƙa ƙafa cikin alif ko ruwan zafi, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya duba ƙafarsa kowace rana, in idonsa bai gani sosai jikansa ya duba masa. Sabon wari a ƙafarsa kuwa, maganar likita ce nan take.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Malamai suna nan, sun fi ni sani, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya shigo masallaci ya cuci mutane da wari. In haka ne ga abin da yake halal a ci, to mu auna warin ƙafa a kan tabarmar da wani zai sa goshinsa. Kuma garinmu garin baƙi ne, mutane suna zuwa daga nesa ziyarar waliyyai 99 da ke kewaye da tabki, suna salla a masallatanmu.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na ɗaya, silifan nan na kowa-da-kowa da ke bakin makewayin masallatai, samari su ɗauki nauyin wanke su da omo da jabel kowace Alhamis, ƙungiya ta sayi kayan wankin daga asusu. Ta nan cin ruwa yake bin gari. Na biyu, a fitar da tabarmi da shimfiɗun masallaci a shanya a rana sau ɗaya a sati. Na uku, malaman lakwal da na allo su riƙa duba ƙafafun yara kamar yadda suke duba farce.

Na huɗu ba na ƙungiya ba ne, na kowa ne. In ɗan'uwanka yana da wannan lalura, kada ka toshe hanci a gaban mutane, kada ka ba shi suna. Ka ja shi gefe ku biyu, ka gaya masa abin da ka ji yau. Matar gida, ke kika fi kowa sanin takalmin maigida, ki sa masa ƙullin gawayi da dare ba sai kin ce kome ba. Saurayin nan da na ba ku labarinsa, wata biyu ya yi yana salla shi kaɗai a ɗaki, duk unguwa an san dalili, ba wanda ya ce masa ga magani.

Nan zan tsaya. Mai tambayar da yake jin nauyin yi a cikin taro, ya same ni a gida bayan la'asar, ba wanda zai ji. Abin da na faɗa daidai Allah shi amfane mu da shi, inda na yi kuskure ku yafe mini. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya, shi ba mu damina mai albarka.